Aikin malejin V-boot ɗina, daga Janairu zuwa gab da azumi

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na fara wannan rubutu ne don in riƙa sanin abin da na taɓa da abin da na kashe, wataƙila kuma ya amfani wani mai tsohuwar Marsandi a garin nan namu na Kano. Motar 230E ce ƙirar 1989, mai silinda huɗu da giyar hannu, irin wadda muke kira V-boot. Ta Kwatano ta shigo, kawuna ya riƙe ta shekaru, sannan ta dawo hannuna. Inji lafiya lau, bodi bai ruɓe ba, amma allon malejin da ke gaban sitiyari ya daɗe da daina faɗin gaskiya.

Ga halin da yake ciki yau. Allurar gudu ta yi watanni tana rawa tsakanin 40 da 80, yanzu ta kwanta gaba ɗaya. Lambobin kilomita sun tsaya a 287,416 tun motar tana hannun kawu. Agogo ya mutu. Da dare allon duhu ne ƙirin, sai na haska da waya. Gejin baƙin mai kuwa, wanda ke nuna ƙarfin matsin man inji, da zarar an murɗa makulli, tun kafin a tada inji, sai ya haye ƙarshe ya zauna a kan 3. Gejin zafi da na fetur suna motsi, amma da na kunna fitilun gaba sai su ɗaga tare, na zafin ya ƙara wajen digiri 15 nan take. Fitilar batir ba ta kamawa ko kaɗan.

A majalisarmu an ce in bar shi haka, ai motocin haya nawa ne ke zuwa Legas su dawo ba allura ko ɗaya mai motsi. Ban yarda ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ta kai wajen naira dubu, tankin motar nan kuma lita 70 yake ci, saboda haka ina bukatar in san abin da take sha. Na biyu, zafin Maris da Afrilu yana tafe, lokacin da Kano kan wuce digiri 40. Tsohon inji a cikin cunkoson Kurna da rana tsaka, ba gejin zafi na gaskiya, gasket ne zai tafi, kuɗin gyaransa kuma ya ninka na maleji sau da yawa. Niyyata in gama kafin azumi.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na fito da allon. Babu sukuru ko ɗaya da ke riƙe shi a dashbod, matsewa kawai aka yi. Na cire kan batir na negatif tukuna, domin wayar agogo tana da wuta ko mota a kashe. Na lanƙwasa bakin siraran ƙarafa biyu, na zura su ta gefen dama da hagu, na juya suka kama, na riƙa ja kaɗan-kaɗan. Keburin maleji ba ya barinsa ya fito sosai, sai da na cusa hannu ta baya na kwance zoben da ke ɗaure shi. Sauran su ne babban soket mai zagaye, ƙananan wayoyin fitilun gargaɗi, da siririn tiyon iska na gejin tattalin mai. Kafin in zare kowace waya na ɗauke ta a hoto, na manna mata takarda mai lamba.

Abin da na tarar a baya ya ɓata min rai. Ƙwai biyu ne kacal ke haska fuskar allon. Suna can sama, haskensu yana bi ta cikin wata roba mai sheƙi ya sauko kan alluran. Masu wat 3 kamfani ya sa. Wani ya ga haske ya ragu, ya sa masu wat 5, zafinsu ya narka mazauninsu, robar ta yi baƙi ta lanƙwashe. Ko sabon ƙwai aka sa yanzu haske ba zai wuce ba. Abin rage haske da ƙara shi, wanda ke bayan maɓallin goge lambobin tafiya, ya yi tsatsa kore shar.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ramuka biyu da na samu wayam, na fitilar batir da na fitilar ruwan lagireto. Ba ƙonewa suka yi ba, cire su aka yi. Wato fitila ta kama tana gargaɗi, maimakon a nemi dalili sai aka zare ƙwan don mai mota ya daina tambaya. A tsofaffin motoci irin wannan, 'yar wutar da ke fara tada caja ta cikin ƙwan batir take bi. Shi ya sa tun da na karɓi motar sai na taka totur da ƙarfi da safe kafin fitilu su yi haske sosai.

Rigar keburin maleji ma ta ƙone a wani wuri kusa da bangon inji, alhali ba ta kusa da salansa. Zan bi sawun wannan.

Laraba, 8 ga Janairu

Mota na ajiye, Adaidaita Sahu nake hawa zuwa aiki. Da yamma na buɗe akwatin fis da ke cikin bonet. Irin dogayen nan ne masu tsini biyu, mafi yawansu bakinsu ya yi fari da gurɓata. Na canza duka da masu jan ƙarfe, na goge mazauninsu da samfefa mai laushi. Naira 2,500.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa tun hantsi. Kayan V-boot sun ragu ƙwarai, shagunan da a da suke cike da su yanzu Toyota da Honda suka mamaye. Yaron wani shago ne ya ja ni lungu-lungu har wajen wani dattijo mai kayan Marsandi zalla, ya sauko min da alluna uku daga saman kanta, duk ƙura ta rufe su.

Na farko na dizal ne. Na biyu lissafinsa da mil ne, irin na motocin Ingila da Amurka, mil ɗaya kuma ya ɗan haura kilomita 1.6, ba zan iya tuƙi ina lissafi a ka ba. Na uku ɗan Beljiyam ne mai tsabta, gilashi ba tsaga, robar haske fara tas, amma malejinsa ya wuce 220 ɗin da nawa ya tsaya a kai, alamar daga babbar mota aka cire shi.

Ya ce, "Alhaji, duk V-boot ɗaya ce, soket ɗin ma ɗaya ne. Je ka sa kawai."

Na ce, "Baba, soket ɗaya ne, amma inji ba ɗaya ba. Wannan na mai silinda shida ne."

Ya yi shiru, ya juya shi ya duba baya, ya ce na mai huɗu ya daɗe bai shigo masa ba. Na nemi ya sayar min da akwatin da robar hasken kaɗai, ya ce idan ya farke shi wa zai sayi ragowar. Gaskiyarsa. Daga 65,000 muka sauko zuwa 45,000, da sharaɗin in gwada, abin da ban yi amfani da shi ba in dawo masa da shi ya saya. A shagon maƙwabcinsa na ɗauki keburin maleji na giyar hannu, 12,000. Na je da tsohon a hannu aka gwada tsayi da baki, domin na otomatik daban yake.

Litinin, 13 ga Janairu

Na jona ɗan Beljiyam ɗin jiya, yau na kai motar wajen makanikai a Kwakwaci aka sa kebur. Na tsaya a kai har aka bi da shi ta hanyarsa ta asali ba lanƙwasa mai tsanani, domin kebur da aka karya wa wuya shi ke sa allura rawa. Kuɗin aiki 3,000.

Talata, 14 ga Janairu

Gwaji ya tabbatar da abin da na faɗa wa dattijon. Da inji ya yi zafi yana tsaye, ya kamata gejin juyin inji ya nuna wajen 750 zuwa 800. Wannan 500 yake nunawa. Dalilin a fili yake: gejin ƙirga tartsatsin wuta yake yi. Inji mai silinda huɗu sau biyu yake ba da wuta a kowane juyi, mai shida sau uku. Gejin da aka saita don uku, idan yana samun biyu, kashi biyu cikin uku na gaskiya zai nuna. Inji na kan 3,000 shi yana cewa 2,000.

Malejin gudu shi ma ya saɓa. Na hau titin Zariya bayan Na'ibawa, ƙanena yana riƙe da waya mai nuna gudu ta tauraron ɗan'adam. Wayar na cewa 100, allura na kan 110. Keburin daga bayan giyabos yake ɗauko juyi, kuma difarenshiyal, wato haƙoran da ke kai juyi ga tayoyin baya, na ƙaramar V-boot da na babba ba ɗaya ba ne, don haka kowane maleji da irin motar da aka saita shi dominta. Hatta 'yan ɗigon da ke fuskarsa masu nuna iyakar kowace giya ba wuri ɗaya suke ba.

Da ban gwada ba, da na ce aiki ya yi kyau, domin komai na motsi, komai na haske. Ni kam a wurina gejin da ke motsi yana ƙarya ya fi matacce haɗari, saboda matacce ka san ba ka da shi. Shawarar da na yanke: akwati da gilashi da robar haske da abin rage haske na ɗan Beljiyam zan ɗauka, amma malejin gudu da gejin juyin inji nawa na asali za su koma ciki, bayan an gyara su.

Wani abu kuma: ko da sabon allon, gejin zafi yana ɗagawa idan na kunna fitila, gejin baƙin mai kuma yana nan a kan 3. Ke nan waɗannan biyun ciwonsu a jikin motar yake, ba a allo ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na fi jin daɗin aikin nan. Masu wayarin da na tambaya duk sun ce lambobin kilomita ba sa gyaruwa, sai dai canji. Sai na kai wa wani tsoho mai gyaran agogo a gefen kasuwar Sabon Gari, mai ɗan tebur da gilashin ido ɗaya. Ya karɓa, ya juya, ya sa ɗan ƙarfe a ramin kebur ya murza da yatsa, allura ta ɗaga. Ya ce, "Ɗana, wannan lafiyarta ƙalau." Ya nuna min yadda take: kebur yana juya maganaɗisu, maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, siririn sifirin kuma yana mayar da allurar baya. Babu haƙori ko ɗaya tsakanin kebur da allura. Ya hana ni ɗiga mata mai, ya ce mai da ƙurar hunturu idan suka haɗu a nan sun gama da ita.

Lambobin ne ke da haƙora. Dukansu suna jere a kan sandar ƙarfe siririya, a ƙarshen jerin akwai wani haƙori mai ruwan toka da aka matse a jikin sandar, shi ke tura lambar farko. Da tsufa ya saki, sandar tana juyawa shi yana tsaye, har sandar ta fara zamewa gefe. Baba ya manne lambobin da salatif a jere don kada su watse. Ya samo bakin abin huda mai kauri daidai da sandar, yana tura shi ta gefe guda sandar na fita ta ɗaya gefen, lambobin ba su taɓa zama ba abin riƙo ba. Ya ɗora sandar a kan ƙaramar maƙera, ya yi mata 'yan tsagogi da bakin filaya daidai inda haƙorin ke zama, ya mayar da ita yana bugawa a hankali da guduma wadda ba ta fi yatsa ba. Da ya gama ya sa na murza ramin kebur na ɗan lokaci, sai ga lambar ƙarshe ta ƙananan lambobin tafiya ta gangaro.

Wani saurayi da ke tsaye yana kallo ya ce, "Oga, tunda an buɗe, a mayar da shi kilomita 150,000 mana, ranar sayarwa ka ji daɗi." Baba ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ba a teburina ba." Ni ma ra'ayina ke nan, algus ne ƙarara. Hasali ma 287,416 ɗin ba ita ce gaskiyar tafiyar motar ba, tunda ta yi shekaru tana yawo lamba na tsaye. Na rubuta a takarda cewa lambobin sun daɗe a tsaye kuma an gyara su yau, na manna a bayan allon, na kuma rubuta a cikin takardun mota. Baba ya ce in ba shi abin da ya sawwaƙa, na ba shi 5,000.

Lahadi, 19 ga Janairu

Agogo. Kafasito biyu ne a cikinsa masu lamba 100, wato 'yan ƙananan kayan lantarki masu riƙe wuta, sukan bushe da shekaru, agogo ya fara latti sannan ya tsaya. Na sayo sababbi a wajen masu kayan rediyo jiya, da aka kawo wuta da yamma na cire tsofaffin na liƙe sababbin da dalma, ina lura da ƙafar da ke da alamar negatif. Na jona shi da batir, na kara a kunne, yana tafiya. Kafasito da dalma 1,500. Ƙwayayen fitila duka, manya biyu masu wat 3 da ƙanana masu wat 1.2, naira 3,500.

Laraba, 22 ga Janairu

Na haɗa komai cikin akwatin ɗan Beljiyam. Ban taɓa fuskokin da ruwa ko fetur ba, burushi mai laushi kawai, domin farin rubutun yana gogewa.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar wahala, amma ita ta warware babban ƙulli. Na mayar da allon, ban tura shi ciki duka ba. Na murɗa makulli, fitilar batir ta kama ja, na ji daɗi. Da na tada inji hannuna na kan zoben keburin maleji, sai na ji ya yi ɗumi. Na kashe na sake tadawa, ya ƙara zafi. Kebur ba waya ba ne, ba shi da dalilin ɗaukar zafi daga murɗa makulli. Na tuna tsohon da na samu a ƙone. Na cire kan batir na kira mai wayarin ɗin da wani abokin aikina ya yaba min, ya zo gida da mitarsa ta gwaji.

Bai taɓa allon ba. Ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan negatif na batir, ɗaya a jikin inji, ya ce in tada. Mita ta nuna sama da bolt ɗaya. Ya ce bai kamata ta kai ko rabin bolt ba. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, can sai ya ce, "Yallaɓai, leƙo ka gani." Akwai wata kakkaurar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa giyabos da bodi, ta nan wutar kik ke komawa batir. Tawa ta ruɓe, 'yan silla kaɗan suka rage, notin ma a sake yake, da alama tun wani canjin kuloci da aka yi ba a ɗaure shi da kyau ba. Kik yana jan wuta fiye da amfiya ɗari. Da hanyarsa ta toshe sai wutar ta nemi duk wani ƙarfe da ya haɗa inji da bodi, keburin maleji kuwa yana cikinsu. Shi ya ƙona tsohon, ya busar da man cikinsa, allura ta fara rawa har ya tsinke. Da na bar shi haka, sabon na 12,000 ma hanyar da zai bi ke nan.

Muka sa sabuwar waya mai kauri, 6,000, aka kankare fenti da tsatsa a inda take zama har ƙarfe ya fito fes. Sannan ya koma bayan allo, inda tarin wayoyi masu ruwan ƙasa suka haɗu a noti ɗaya a jikin bodi. A motocin Jamus ruwan ƙasa shi ne negatif. Ya kwance su, ya goge kowane zobe, ya ɗaure, ya ƙara wata 'yar waya daga ƙarfen bayan gejin zuwa wannan notin. Na tada mota, na kunna fitilun gaba, na kunna fanka, na danna ham. Allurar zafi ko gezau. Kik ɗin ma har sautinsa ya canza, yana juyawa da sauri.

Ya nemi 10,000, muka daidaita a 8,000 har da aikin gejin baƙin mai da zai dawo ya yi. Ban ji ciwon kuɗin ba. Mutum ne mai aunawa kafin ya yanke waya, irinsu kuwa ba su da yawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gejin baƙin mai. A wannan motar idan layin ya yanke, allura sama take tafiya ba ƙasa ba, shi ya sa mutane da yawa ke yawo da ita a kan 3 suna murna inji na da ƙarfi. Mai wayarin ya zare wayar daga na'urar da ke jikin mazaunin filtar mai, ya taɓa ta a jikin inji, allura ta faɗo sifili. Ke nan waya da geji lafiya, na'urar ce ta mutu. Na koma Ƙofar Ruwa. An fara miƙo min wata sabuwa mai arha, na duba jikinta na ga an buga 5 bar, wato iyakar matsin da take aunawa. Gejin motar a 3 ya ƙare, idan aka sa masa ta 5 zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Na ɗauki tsohuwa ta asali mai 3, naira 15,000.

Gabana ya ɗan faɗi kafin mu tada, domin yau ne zan fara ganin ainihin lafiyar injin. Da sanyi ta haye 3. Bayan mun zaga ta Titin Gidan Zu inji ya yi zafi, a tsaye ta sauko wajen 1, da na taɓa totur ta koma sama nan da nan. Ƙa'idar Marsandi ita ce kada ta gaza 0.3 a tsaye, kuma ta tashi da zarar an ba da wuta. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gejin zafi ya fara biyan kuɗinsa. Da safe daga gida har ofis allura ba ta wuce 60 ba. Da yamma kuma a cunkoson Ɗan Agundi ta haura 100, ta doshi 110, ban ji fanka ta kama ba. Na samu gefe na tsaya, na kashe, na jira ta huce. Wato haka motar ke yi tun tuni, ba mai gaya min.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwakwaci. Abu biyu muka samu. Babu tamostat sam, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, an cire. Wannan al'ada ce a garejojinmu, wai ƙasarmu da zafi ba a bukatarsa. Na yi gardama da bakaniken a kan haka cikin mutunci. Injin da ke yawo a 60 da sanyin hunturu mai yake sha fiye da kima, yana kuma cin jikinsa, cire tamostat ɗin kuma bai hana shi tafasa a cunkoso ba, ga shi mun gani. Ya ce, "To Alhaji, motarka ce." Na sa tamostat mai buɗewa a digiri 87, wanda shi ne nata, 14,000.

Na biyu, fankar wannan injin maganaɗisun lantarki ke kama ta, wani makunni da ke saman inji ne ke ba ta wuta idan ruwa ya kai wajen 100. Da muka haɗa bakin wayoyinsa biyu sai muka ji ƙas, fanka ta kama, wato makunnin ne ya mutu. An so a haɗa ta kai tsaye ta riƙa juyawa kullum, na ce a'a. Makunni 7,000, aiki 4,000. Fitilar ruwan lagireto da na mayar wa ƙwai ita ma ta kama, muka duba muka ga tankin ruwan ya yi ƙasa, bakin wani tiyo yana tsattsafo. An ɗaure shi. Yanzu allura tana zama tsakanin 80 da 90, a cunkoso ta taɓa 100, fanka ta kama, ta sauko.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ba abin da na taɓa. Agogo bai yi latti ba. Hasken dare ya isa, ba ya kashe ido.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gejin fetur ya daina tsalle tun ranar da aka gyara negatif, amma idan ya sauko rabi sai ya maƙale, daga nan ya faɗi ƙasa gaba ɗaya. Tankin yana bayan kujerar baya, ta but ake kai masa. Na bari mai ya yi ƙasa, na cire batir, na fitar da motar waje inda iska ke kaɗawa, na kori yara daga wurin. Na aro soket mai lamba 46 na kwance na'urar da ke auna man tankin. Dogon bututun alminiyam ne, a cikinsa akwai fulot da ke hawa da sauka a kan wayoyi sirara kamar gashi. Da na buɗe gindinsa sai ga baƙar laka ta cika shi, ɗaya daga cikin wayoyin kuma ta cinye a tsakiya, saura ƙiris ta rabu. Wanki ba zai yi maganin wannan ba.

Na koma wurin dattijon nan na Ƙofar Ruwa da malejin gudu da gejin juyin injin da ban yi amfani da su ba. Ya cika alkawari, ya karɓa a 15,000. Ya samo min na'urar tanki a 18,000. Kafin in biya na sa mita a bakinta, na riƙa kifa ta ina miƙarwa a hankali, lamba na hawa da sauka ba yankewa. Ya ce, "Alhaji, kai dai ba ka sayen abu da ido." Na ce ai shi ya sa nake dawowa wurinsa, yana bari a gwada.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Fitilar rizab ta kama a hanyar dawowa. Na shiga gidan mai na cika tanki, ya ci lita 60 da 'yan kai, wanda ya yi daidai da tanki mai 70 da ragowar wajen lita 9. Allura ta tsaya cif a kan cikakke. Na goge ƙananan lambobi zuwa sifili, daga wannan cikon zan fara lissafin abin da take sha.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin doguwar hanya, Wudil da dawowa, ni da ƙanena. Allura ba rawa ko kaɗan tun daga 20. Tana kan 100, wayarsa na cewa 96, ƙarin da ba ya damuna, gara ta nuna sama kaɗan da ta nuna ƙasa, tunda iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a babban titi na ekspres 100 ce. A tafiyar da waya ta ƙirga kilomita 10, lambobin mota sun ba da 10.2. Tayoyin da ke ƙafarta 195/65 R15 ne, girman da aka yi ta da shi. Duk wanda ya canza girman taya ya sani malejinsa ma ya canza. Zafi bai wuce 90 ba har muka dawo Hotoro. Na taɓa zoben kebur bayan tadawa a Wudil, sanyi ƙalau.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Lissafi. Allo 45,000, kebur da aikinsa 15,000, fis da ƙwayaye da kayan agogo 7,500, Baba mai agogo 5,000, wayar negatif da mai wayarin 14,000, na'urar baƙin mai 15,000, tamostat da makunnin fanka da aikinsu 25,000, na'urar tanki 18,000. Jimla 144,500. Idan aka cire 15,000 da dattijo ya mayar min, 129,500 ke nan, ban da kuɗin Adaidaita da man gwaji. Kusan rabin kuɗin ba a kan allon ya tafi ba, a kan abubuwan da allon ya tona ne bayan ya fara aiki.

Saura gejin tattalin mai, allurarsa tana kwance a ja, tiyon iskarsa ya tsage a wajen bangon inji, sai na samu mai kaurinsa. Maɓallin saita agogo yana da tauri. Ana sa ran fara azumi ranar Asabar, don haka ba zan sake fito da allon ba sai bayan Sallah. Kafin nan, gobe in Allah ya kai mu zan kai ta a wanke lagireto a canza tiyon da ke tsattsafo, a kuma auna cajin batir da fitilu a kunne. Idan tankin nan ya ƙare zan rubuta lita nawa ta sha a kilomita 100 a cikin gari.